Haddar Naushi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba ba, a ɗakin taron makarantarmu da ke Kazaure. A daidai lokacin ne na rusuna, na miƙa wa Baban Aji hannun gem ɗin da na riga na ɗauka, na ce, "Bismillah Baba, ku riƙe wannan." Na san lokacin ne saboda agogon bango yana saman allon majigi, ni kuma idan na tsorata, abu mai lamba nake nema in kafa wa ido. Ladabi na yi, irin wanda aka koya mini a gida. Ban san wuyana na miƙa ba.

Amma bari in koma baya kaɗan, kada ku ɗauka dama can ni 'yar gem ce.

Ni 'yar Roni ce, mahaifina tsohon malamin makaranta. Tun ina ƙarama abu biyu aka san ni da su, karatu da shiru. A Islamiyya ni ake tsayarwa idan baƙi sun zo, in kawo hadda ba tuntuɓe, ina gamawa in koma in ɓuya a bayan hijabin wata. Da na zo karatun difloma a fannin kwamfuta, ba a yi nisa ba 'yan aji suka raɗa mini Ustaziya. Idan malami ya yi tambaya kuma na san amsar, sai in raɗa wa ta kusa da ni, ita ta ɗaga hannu.

Ta kusa da ni ɗin ita ce Bilki, 'yar Babura, kuma ɗakinmu ɗaya a hostal. Yayanta yana da gidan gem a bakin kasuwa, inda samari har daga Magarya suke tsallakowa su yi wasa ranar kasuwa. Tun tana 'yar mitsitsiya ita ke kai masa abincin rana, kuma in ta kai sai ta ƙi komawa gida. Da za ta taho makaranta ya ba ta hannun gem guda biyu, baƙi da fari, ta haɗa da laftof ɗinta.

Ranar da na fara ganinta tana wasan faɗa, littafi ne a hannuna, amma ban juya shafi ba har ta tashi. Na ɗauka masu gem ihu suke yi suna murɗa jiki. Bilki ko kafaɗa ba ta motsawa. Manyan yatsunta kawai ke aiki, a hankali, kamar mai ɗinkin hula, tana taunar cingam, a allo kuwa wani ƙato yana shan dukan kawo wuƙa. Ban taɓa ganin mutum yana yin abu cikin natsuwa haka ba, sai ko kakata idan tana kaɗi.

A makon ɗalibai na kowace shekara ana gasar wannan wasa. Mutum biyu-biyu ake shiga, kuma masu shiryawa sun ce namiji ya haɗa ɓangare da namiji, mace da mace. Bara Bilki ta bi ɗakunan hostal ɗaya bayan ɗaya tana neman abokiya, ba wadda ta yarda. Ta zauna a kujerar baya tana kallon samarin da za ta iya dokewa da hannu ɗaya suna karɓar tafi. Da muka dawo ɗaki ta kwanta ta juya wa duniya baya, ko tuwo ba ta taɓa ba. Bana kuwa ita ce shekararmu ta ƙarshe. In ta wuce, ta wuce ke nan.

"Sunanki kawai nake so," ta ce da ni. "Ki zauna ki riƙe hannu. Ko ba ki daki kowa ba, ni zan ji da sauran."

Yadda dokar take, na farkon kowane ɓangare su ke fara karawa. Wanda aka kayar ya tashi, wanda ya yi nasara ya jira na biyu. Ke nan idan na faɗi, sai Bilki ta doke mutum biyu a jere, in kuma ta yi tuntuɓe sau ɗaya, an fitar da mu. Na ce na yarda. Amma a raina na ce ni ba suna ba ce kawai. Ban taɓa shiga jarrabawa ban yi karatu ba, ba kuma a kan Bilki zan fara ba.

Ta zaunar da ni ta nuna mini abin da ake kira kombo, wato jerin duka da ake haɗawa a kan lokaci, yadda wanda ake duka ba zai samu sararin numfashi a tsakani ba.

"Ga naki," ta ce. "Naushi, naushi, hauri. Shi ke nan. Kar ki nemi wani. Ki yi ta yi har yatsunki su daina tambayarki. Yanzu ɗauki hannu mu kara."

Muka kara. Ta lallaɓa ni iya lallaɓawa, duk da haka 'yar wasana, wata mai jan ɗankwali, ta fi daɗewa a ƙasa fiye da a tsaye. Ana cikin haka 'yan ɗakin kusa da mu suka leƙo, ɗaya ta ce, "Lallai, Ustaziya an shiga dambe!" Na ajiye hannun na ce kaina ke ciwo. (Kaina lafiyarsa ƙalau. Kunnuwana ne suka yi zafi.)

Daga ranar ban sake yarda na kara da ita ba. Sai in jira ta fita, in kulle ƙofa, in buɗe laftof, in shiga wurin horo. A can akwai wani mutum-mutumi da ke tsaye a gefen dama na allo, ba ya ramawa, ba ya dariya, ba ya leƙe. Irin abokin da nake so ke nan. A can ne kuma na gano inda aka jera duk dabarun mai jan ɗankwali, kowace da kibiyoyinta da maɓallanta, wasu dogaye kamar aya. Wallahi sai da na ji wani sanyi a raina. Ashe abin haddacewa ne! To ai an zo gidana. Naushi, naushi, hauri kuma sai na ga kamar karatun 'yan aji ɗaya ne.

Na dubi kibiyoyin na ba su suna yadda idona ya gan su. Mai kallon ƙasa, ƙasa. Mai kallon dama, dama. Na ɗora su a kan karin muryar da muke hadda da ita a Islamiyya, ina yi ina rangaji: ƙasa, dama, naushi, dama, dama, hauri, ƙasa, dama, babban naushi. Ina wanki ina bita. Ina cin abinci ina danna gefen kwano. Sabulun wankana har ramuka ya yi. Mutum-mutumin nan kuwa ya sha wuya a hannuna, har wani lokaci nakan ji tausayinsa. Duk sanda Bilki ta ce, "Zo mu gwada ki," sai in ce, "Na iya, kar ki damu." Takan dube ni ta gefen ido ta ce, "To, Allah ya sa."

Ranar Laraba bayan la'asar ɗakin taro ya cika maƙil. Janareta na ruri a waje, an haska wasan a majigi yadda na bayan baya ma zai gani, an ba Shamsu makirfo. Shamsu ɗan ajinmu ne wanda ko ba makirfo ana jin sa daga bakin get. Aka yi ƙuri'a, ta haɗa mu da Nura, zakaran bara, wanda samari ke kira Janar. Don tsabar ji da kai, Nura ya ce bana zai nuna shi kaɗai ya isa, sai ya ɗauki Baban Aji a matsayin abokinsa.

Baban Aji shi ne Malam Haruna, ma'aikacin ƙaramar hukuma daga 'Yankwashi da ya zo ƙaro karatu. Da furfurarsa a gemu, sa'an mahaifina ne ko kusa da haka. Kullum a kan tsohon babur ɗinsa yake zuwa, aljihunsa ba ya rabo da dabino, kuma kowa a ajin ɗansa ne ko 'yarsa. Ya ce shi ya ɗauka gem ɗin ƙwallo ne. A gabanmu Nura ya nuna masa abu biyu: "Baba, wannan ku matsa kusa da ita, wannan kuma ku yi ta dannawa. Kada ku taɓa sauran."

Bilki ta matse mini hannu. "Sa'a ta zo mana har gida. Naushi, naushi, hauri, ki sallame shi cikin mutunci."

Ni na fara isa teburin, na ɗauki baƙin hannu, wanda na saba da shi. Ina juyowa na ga Baba yana tahowa yana gyara babbar riga. To ku faɗa mini, ta yaya 'yar Roni za ta riga sa'an ubanta zaɓe a gaban jama'a? Na rusuna na miƙa masa da hannu bibbiyu. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Na ɗauki farin.

Da wasan ya buɗe, sai ga wani ƙato mai tumbi, ɗan wasan Baba, a gefen hagu inda na saba tsayawa. Mai jan ɗankwalina tana gefen dama, a gurbin mutum-mutumi, don ashe can ne wurin mai farin hannu. Na gani sarai. Amma na ɗauke shi kamar an canza mini benci a ɗakin jarrabawa. Canjin benci ai ba ya canza tambaya.

Aka ce a fara. Na ja numfashi na ɗauko daga farko: ƙasa, dama, naushi. Mai jan ɗankwali ta tsuguna, ta ja da baya, ta naushi iska. Na ce yatsana ne ya zame. Dama, dama, hauri. Ta yi tsalle da baya har sau biyu, ta harbi inda babu kowa, ta je ta manne da bangon allo.

"Jama'a, ku lura da dabara!" in ji Shamsu. "Ja da baya ga rago ba gudu ba ne!"

Baba kuwa ko allon ba ya kallo. Tabarau a kan hanci, ya sunkuyar da kai kan abin da ke hannunsa, yana dannawa da ɗan ali kamar mai neman lamba a waya. Ƙaton nasa ya taho yana jan ƙafa, ya iso inda nake maƙale, ya harbe ni a ƙwauri. Ya sake. Ya sake. Ba wani salo, ba komai, ƙwauri kawai.

Duk wanda ya yi hadda ya san abin yi idan karatu ya kakare: a koma farko, a ɗaga murya. Haka na yi. Ban san muryar ta fito waje ba, ban san ina rangaji gaba da baya a kan kujera ba, ban kuma ga lokacin da Shamsu ya lallaɓo ya kara makirfo kusa da bakina ba. Sai dai na ji wata murya siririya tana fitowa daga lasifika, da karin Islamiyya cak: "Ƙasa, daaama, nauuushi..." Har na fara tunanin wace ce wannan take bita tare da ni.

Sai ɗakin ya fashe da dariya. Samarin baya suka ɗauka gaba ɗaya kamar 'yan aji suna amsa wa malami: "Daaama, daaama, hauuuri!" Wani ya ce, "Malama, a biya mana na gaba!" Kafin su gama amshi, mai jan ɗankwali ta zube. Zagaye na farko ya tafi.

A zagaye na biyu wani abu ya faru da ya ƙara rikita ni. Baba ya yi atishawa, yatsansa ya faɗa kan maɓallin da aka hana shi taɓawa, ƙaton ya yi tsalle ta saman kaina ya dira a gefen dama. Ni kuma ina tsakiyar karatuna. Sai kawai abin ya kama. Mai jan ɗankwali ta zabura kamar an tashe ta daga barci, naushi, hauri, hauri, ta ɗaga ƙaton sama ta bi shi da duka, komai daki-daki yadda na haddace, ba wasali ɗaya da ya faɗi. Bilki ta miƙe tsaye tana ihu, "Haka! Haka, ƙawata!" Baba ya ɗago kai karo na farko ya ce, "Subhanallahi, 'yata, me na yi miki?"

Na ɗan ji daɗin duniya. Sai dai dogon kombon nan da nake alfahari da shi, ƙarshensa jifa ne. Mai jan ɗankwali ta sungumi ƙaton ta wurga shi ta bayanta, ya koma gefen hagu inda ya fito. Na sake ɗauko karatu, ita kuma ta sake kama hanyar bango. Baba ya mai da kai ƙasa, ya ci gaba da aikin ƙwauri har ya gama da ni.

"Da tsohuwar zuma ake magani!" Shamsu ya kwarara. Baba ya juyo cikin damuwa ya ce, "Ki yi haƙuri 'yata, wallahi ni ma ban san abin da nake yi ba."

Da na tashi shiru na koma kujerata, da abin ya tsaya nan. Amma ni mai son gaskiya ta fito ce. Na miƙe, na ɗaga farin hannun sama, na ce da iyakar ƙarfina, "Amma ai daidai na danna! Abin nan ya lalace!" Makirfo yana nan kusa. Shekara biyu ina makarantar, wannan ce jimla ta farko da yawancinsu suka taɓa ji daga bakina. Har malamin da aka sa ya kula da taron ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Bilki ta taso. Ta zare farin hannun daga yatsuna, wanda na ce ya lalace, ta zauna a kujerar da na tashi, a gefen da aka yi mini kaca-kaca. Ta dubi Baba ta ce, "Baba, ku yafe ni tun kafin a fara." Ta sallame shi da sauri, ba tare da ta wulaƙanta shi ba. Ya tashi yana murmushi kamar wanda aka sauke wa kaya.

Sai Janar ya zauna. Gaskiya Nura ya iya. Dogayen kombo irin waɗanda na haddace, shi a yatsunsa suke, yana yi allo na walƙiya, samari na ihu. Ya cinye zagayen farko. Na san saura zagaye ɗaya a fitar da mu, kuma ni ce na ɓarar da damar da ya kamata a ce tana da ita. Na dubi Bilki. Cingam ɗinta take tauna, idonta a kan ɗan wasan Nura, kamar mai sauraron labarin da ta taɓa ji.

A zagaye na biyu ta daina bin sa. Ta tsaya tana karewa, ta bar shi ya yi ta burgarsa. Ashe duk dogon kombo idan ya ƙare akwai ɗan taƙin da mai shi yake tsayawa ya maida numfashi, ɗan ƙanƙani kamar ƙiftawar ido. A nan take shiga. Naushi, naushi, hauri. Ta koma ta jira. Ya tsallake ta ya dira a bayanta, ta juya da shi ko hannunta ba ta kalla ba. Naushi, naushi, hauri. Karatun 'yan aji ɗaya da na raina, shi ne dai, ba ƙari. Nura ya fara zufa, ya gyara zama, ya ce kujerar ce ba ta da daɗi.

A na uku, layin da ke nuna sauran ran kowannensu a allo ya koma siriri kamar zare. Shamsu ma ya manta da makirfo a hannunsa. Nura ya ɗauko babbar dabararsa, wadda kowa ke gudu idan ya ga farkonta. Bilki ba ta gudu ba. Taku ɗaya ta yi zuwa gare shi kafin hannunsa ya sauka. Ba sai na faɗa muku abin da ta danna ba.

'Yan matan da suka ƙi ba ta suna bara su ne suka fara rangaɗa guɗa. Baba ya miƙe yana tafi, ya manta ɓangarensa aka fitar, yana cewa, "Kai, wannan yarinya Allah ya ba ta!" Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska, hawaye na zuba, ban san na murna ne ko na kunya ba.

Da taro ya watse sai gaskiya ta dawo mini: mun tsallake, ke nan gobe akwai wani karon, kuma ni zan sake fara zama. Daga ɗakin taro zuwa bakin get, duk wanda muka wuce sai ya rera mini "daaama, daaama." Muka tsaya wurin mai awara. Bilki tana ci, ni ina juya tsinke a cikin yaji. A ranar na fahimci cewa wanda ya ƙi yarda mutum biyu su yi masa dariya a ɗaki, makaranta guda yake tara wa kansa.

Na dube ta na ce, "Bilki, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Ban yi kuskure ko ɗaya ba. Abin da na danna sanda ya kama, shi na danna sanda ya ƙi. Me ya faru?"

"Karanto mini in ji."

Na duba hagu da dama, na rage murya, na karanto mata. Ta yi dariya har yaji ya sarƙe ta, sai da mai awara ta miƙo mata ruwa. Da ta samu kanta ta share ido da gefen mayafi, ta dafa kafaɗata.

"Ustaziya, wa ya ce miki sunan kibiyar nan dama? Gaba take nufi. A wasan nan babu dama babu hagu, gaba ita ce duk inda abokin faɗanki yake tsaye. Ke kin haddace hanya tsaf, amma ba ki ɗaga ido kin ga inda mutumin yake ba. Cinye awararki mu tafi ɗaki. Ƙofa a buɗe za mu bar ta, kuma yau sai na dake ki har kin iya."